Hannuwan Gumar

Wanda ya kira ni Agadas ban same shi ba. Ɗan ƙauyenmu ne, ya yi ta buga mini waya yana cewa aikin makanike a can ya fi ƙarfin masu yinsa, in taho kawai. Ranar da na sauka da jakar kayan aikina, maƙwabcinsa ya ce mini ya tafi Dirku, bai kuma bar saƙo ba. Na koma tasha na zauna a gindin bango. Kowa na jin Hausa, amma ba wanda ya san ni. Na tuna matata Rabi da na baro a Tasawa da jaririn da ba a daɗe da yin sunansa ba.

Mai shayin tasha ne ya gaji da ganina, ya ce in je garajin Baba Attahir. Baba tsoho ne siriri, ɗan tsohon gari, ya dubi hannuna kafin ya dubi fuskata.

"Me ka iya?"

"Karbiratar, Baba. Ko ido rufe ina kwance shi in mayar."

"To, nan za ka buɗe idon," in ji shi.

Ya kai ni gaban wata tsohuwar mota ƙirar Amurka, mai buɗaɗɗen baya da ƙaton inji mai shan esansi, wato fetur. Ya ɗaga kapo, murfin gaban mota, ya cire murfin iska. Abin da ke zaune a kan injin ya yi kama da karbiratar, amma ba shi ba ne. Maƙogwaro biyu gare shi, a saman kowanne akwai bakin feshi. Da ya tada motar sai na ga esansi na fita daga bakunan kamar ƴar lema, laushi-laushi. Pampon asali da ke cikin tanki ya mutu tun da daɗewa, Baba ya ɗaura wani a ƙarƙashin mota, wanda ya fi na da ƙarfi. Saboda haka ya huda murfin regilatar, abin da ke daidaita ƙarfin man, ya sa masa ƙusa mai zare, yadda za a iya ɗaurewa ko a sassauta.

"Ƙwaƙwalwar motar nan buɗe baki da rufewa kawai ta sani," in ji shi. "Ba ta san da wane ƙarfi man ya iso ba. Ita dai ta ɗauka kilo guda ne. In ya gaza, injin ya ji yunwa, ya yi ta harbi ta sama. In ya wuce, ya sha ya bugu, ya yi baƙin hayaƙi, ya shanye maka tanki kana kallo."

A kan tiyon da ke kawo mai ya bar wani ɗan reshe da ya toshe da ƙarfe. Nan yake jona mano ɗinsa, agogon auna ƙarfin mai. Ya koya mini karatunsa. In allura ta yi ƙasa, ka matse tiyon da ke maida rarar mai tanki, ka ga ko za ta hau. In ta hau pampo lafiya yake. In kuwa ta yi sama da yawa, ka cire wannan tiyon ka zura bakinsa a bido, wato jarka. In allurar ta sauko, hanyar komawar ce ta toshe. Ya sa na maimaita har na fara jin haushi. Mano ɗin ɗaya gare shi, a aljihun rigarsa yake ajiye shi.

A garajin nake kwana, a bayan wata matacciyar mota. Matar Baba kan aiko mini da tuwo ba tare da na roƙa ba.

Motar ta wani Alhaji ce mai fataucin kaya. Wata safiya ya zo ya ce yana son makanike ya raka ta Iferwan ta dawo. Baba ya ce ba za ta fita ba mano ba. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce ya riga ya saya, yana cikin akwatin kayan aiki a ƙarƙashin lodi. Na yarda. Ina son in aika wa Rabi da wani abu.

Direban Ba'abzine ne, sunansa Gumar, dogo, rawaninsa baƙi, maganarsa kaɗan. A baya an ɗaure tanonin gazuwal, wato gangunan man dizal, da buhunan shinkafa da na albasar Tabelot, a kansu fasinja huɗu: maza uku masu zuwa haƙar zinariya, da wata dattijuwa, Inna Tsahara, mai sayar da abinci. Ban tambayi kaina me masu haƙar zinariya za su yi a Iferwan ba.

Sai da muka isa can na ga Gumar ya shiga layin kwamba, ayarin motocin da sojoji za su raka.

"Ina kuma za mu?"

Ya juyo ya dube ni. "Tchibarakaten, wurin zinariya can cikin hamada. Bai gaya maka ba?"

Na sauka na tona akwatin kayan aiki har ƙasa. Kile-kilen kwance ƙusa ne da igiya da tsohon bujin inji. Babu mano. Na kira Alhaji, wayarsa a kashe. Na so in ce ba ni zuwa, amma ba ni da abin komawa Agadas, ban san kowa a Iferwan ba, ga motoci sun fara motsi. Inna Tsahara ta miƙo mini dabino daga saman lodi.

"Hau, ɗana. Kowa da ka gani a nan wani ne ya yi masa ƙarya."

Daga Iferwan hanya duwatsu ce. Motar ta yi ta tsalle, cikinta na gugar ƙasa. A wani kwazazzabo na ji wani ƙara a ƙarƙashinmu, gam, har haƙorana suka haɗu. Gumar ya leƙa ta taga, ya ga ba abin da ke zuba, muka ci gaba. Duwatsun suka yi ta ragewa har suka ƙare, muka faɗa Tenere. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ba itace, ba tsuntsu, ba tudun da ido zai huta a kai. Sai rairayi da sawun tayoyin waɗanda suka riga mu.

A nan na fara jin warin. Ɗanyen esansi ne, yana shigowa ta taga. Na waiga, na ga baƙin hayaƙi na bin mu. Injin ya yi nauyi, in Gumar ya taka sai ya yi kamar mai shaƙewa. Motocin kwamba suka fara wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe, ta sojoji, ta tsaya. Wani soja ya ce mu lallaɓa mu biyo sawu, ba za su tsaida mutane da yawa haka saboda mota guda ba. Muka bi su da ido har ƙurarsu ta ɓace.

Gumar ya nuna mini allurar tanki da haɓa. Ta sauka inda bai kamata ta kai ba sai gobe.

"Ɗan Tasawa, mene ne wannan?"

"Tana shan mai fiye da kima."

"Na gani. Gyara."

Na buɗe kapo, na cire murfin iska. Feshin nan mai laushi babu shi, esansi ne ke kwarara yana jiƙa bangon maƙogwaro. Na sassauta ƙusar regilatar, na ƙara sassautawa, ba abin da ya canza. Na tsaya ina lissafi. Wataƙila regilatar ne ya maƙale, wataƙila bakin feshin ne ya lalace, wataƙila ƙwaƙwalwar ce ta rikice, in kuwa ita ce mun mutu. Ba mano, duk zato ne. Ga mu zaune a kan tanonin mai, amma gazuwal ne, motarmu ba ta shan sa. Esansin da ya rage bido biyu ne da abin da ke tanki. Gumar ya ce da irin wannan sha ko rabin hanya ba za mu kai ba, kuma kwamba ta gaba sai wani satin. Na dubi ruwan shanmu. Kowa shi yake kallo.

Ɗaya daga masu haƙar ya ce da ƙarfi, yadda zan ji, an haɗa su da makaniken da bai san komai ba. A lokacin ni ma na yarda da shi.

Gumar ya tsuguna yana rage iskar taya saboda rairayi, da ɗan agogon awonsa a hannu. Na tsura wa abin ido. Shi ma kilo yake karantawa.

"Gumar, ara mini wannan. Kuma ina son bakin shambur ɗin taya, inda ake hura iska."

"Shambur ɗaya ya rage mana."

"Na sani."

"In na yanka maka, taya ta fashe, sai me?"

"In ba ka yanka ba, ba za mu yi nisan da taya za ta fashe ba."

Ya dube ni ta tsakanin rawani. Sannan ya ciro wuƙa ya yanke bakin shambur ɗin da kansa. Na fere robar, na cire ƙarfen da Baba ya toshe reshen da shi, na cusa bakin a gurbin, na ɗaure da waya. Gumar ya tada mota. Na danna agogon taya a kai, esansi ya fesar mini a yatsu, allura ta yi tsalle ta wuce kilo biyu. Na cire tiyon komawa na zura shi a bido. Na sake dannawa. Allurar ta faɗo ƙasa da kilo guda.

"Hanyar komawa ce ta toshe!" na ce, muryata har tana fashewa. "Dutsen nan ne da muka buga."

Na shiga ƙarƙashin mota a rigingine. Rairayin na ƙuna ta cikin riga. Na bi bututun ƙarfen da hannu har kusa da tanki, na same shi a lanƙwashe, dutse ya matse shi kamar kara. Dabarar ita ce in yanke wurin in haɗa da guntun tiyo. Na sa zarto. Da ya ratsa, sai esansi ya taho daga ɓangaren tanki, ya bi hannuna zuwa hamata, ya jiƙa rigata da wandona, ya taru a ƙasa. Na toshe da babban yatsa, ina laluben tiyon da ɗaya hannun.

Abin da ban sani ba, inuwa ɗaya ce a duk faɗin wurin, ita ce ta motar. Babba a cikin masu haƙar ya zagaya baya ya zauna a cikinta, ya fito da ɗan murhun waya da gawayi zai dafa shayi. Daga baya ya rantse shi gazuwal kawai ya san yana kusa da shi, kuma gazuwal ba ya kama wuta da sauƙi.

Ban ji ƙyastawar ashana ba. Wani sauti na ji, buf, kamar an yarfa zane, sai na ga wuta shuɗiya tana gudu a kan rairayi ta nufo ni. Ta hau ƙafata. Na yi yunƙurin tashi, goshina ya bugi ƙarfe. Na saki bututun, man da ke zuba ya kama, ya zama igiyar wuta daga tanki zuwa ƙasa, dab da fuskata. Ina jin Inna Tsahara na salati. Ni ko salatin ya ɓace mini. Abin da na sani kawai, a samana tanki ne da tanoni, ba kuma ta inda zan fita.

Sai na ji an cafki idon sawuna an fizge ni. Bayana ya gurje a ƙasa, na fito rana. Gumar ne. Ya faɗa kaina yana kashe wutar wandona da tafin hannunsa, yana tura rairayi. Bai tsaya ba. Ya warware rawaninsa, karo na farko da na ga bakinsa, ya dunƙule shi ya kutsa ƙarƙashin motar, ya danne bakin bututun da ke ci da hannu biyu. Masu haƙar suka ciro shebur suna watsa ƙasa, Inna na yi da kwanon girkinta, ta kai har kan Gumar ɗin. Ban san tsawon lokacin ba. Da hayaƙin ya lafa, yana nan kwance, yana riƙe da bututun.

Ɗaya daga masu haƙar ya shiga ya karɓe shi, ya toshe bakin da tsumma. Da Gumar ya fito ya buɗe hannuwansa, na kau da kai. Fatar tafin ta ɗaye, ta yi fari. Inna Tsahara ta ɗauko bidon ruwan sha ta fara zuba masa a hankali. Wanda ya zage ni ɗazu ya buɗe baki zai yi maganar ruwan, ta dube shi, ya rufe. Ta yaga sabon zanenta ta naɗe hannuwan, ta naɗe mini ƙafa. Wanda ya kunna wutar shayin ya koma gefe ya zauna yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Aikin dai bai ƙare ba. Bututun a yanke yake, ba wanda zai haɗa shi sai ni. Na tuɓe rigar, na goge jikina da rairayi, na durƙusa a gefen motar. Na kasa shiga. Ina kallon baƙin wurin da na kwanta ɗazu. Na ce musu ba zan iya ba. Na faɗa da babbar murya, ban ji kunya ba.

Gumar ya taso ya zauna a ƙasa kusa da ni, hannuwansa a ɗage kamar mai addu'a.

"Shiga, ɗan Tasawa. Ba wuta a wurin nan yanzu, na sa an binne gawayin."

"Jikina ya ƙi, Gumar."

"Kwanta kawai."

Na kwanta. Ya miƙo ƙafarsa ya ɗora a kan tawa mai lafiya, ya danna.

"Kana jina? Ina nan. Yi aikinka."

Da nauyin ƙafarsa a kaina na yanke lanƙwasar, na zura tiyo, na ɗaure bakin biyu da waya. Duk ƙarar da ƙarfe ya yi sai in daskare, sai in ji ya ƙara dannawa.

Da na fito ni na murɗa makulli, tunda shi ba hali. Injin ya tashi, ya yi tari, sai ya harba ta sama, tau, harshen wuta ya fito daga maƙogwaro. Gaba ɗaya muka watse da gudu, har Inna. Ina tsaye nesa, na tuna ai ni na sassauta ƙusar regilatar ɗazu. Yanzu da hanya ta buɗe, man ya gaza. Yunwa injin ke ji. Na dawo a hankali. Na ɗaure ƙusar kaɗan, na danna agogo, allura ta ɗan hau. Na ƙara kaɗan. Esansi ya fara cin robar cikin agogon, allurar na maƙalewa sai na ɗan buga ta da yatsa. Na ƙara rabin juyi, ta hau ta zauna a kan kilo guda. Na leƙa maƙogwaro, lemar feshin ta dawo, laushi-laushi. Na ɗaure ƙusar tamau. Da na so in sake aunawa don in tabbata, agogon ya mutu.

"Ka iya tuƙi?" in ji Gumar.

"A kan kwalta."

"Yau za ka koya."

Ya zauna a gefena, hannuwa a kan ƙirji, yana ba ni umarni da baki. Kar ka taka birki. Ba ta wuta. Bi dama, can rairayin ya fi tauri. Iska ta share sawun kwamba a wurare da yawa, shi kaɗai ya san inda muke. Zazzaɓi ya fara kama shi, wani lokaci ya yi shiru, kansa ya langaɓe, sai in kira sunansa da ƙarfi, don in ya suma ban san gabas da yamma ba a wurin nan. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a allurar tanki. Hancina kuwa bai huta ba, ko warin albasa ya taso daga baya sai in ji kamar esansi ne. Sau ɗaya muka hango ƙurar wata mota daga nesa, ta tsaya, kamar tana dubanmu. Gumar ya ce kar in rage gudu, kar in ƙara. Muka ci gaba a haka har ta juya ta tafi. Mun juye bido na farko, mun juye na biyu. Ba mu da shambur, kowane dutse na gani sai in riƙe numfashi.

Da rumfunan Tchibarakaten suka bayyana, allurar ta daɗe da kwanciya. Injin ya mutu a bakin shingen sojoji, muka tura ta ta ƙarasa.

Wakilin Alhaji ya zo ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa tanoni, ya tambayi dalilin da fentin gefe ya ƙone. Inna Tsahara ta ba shi amsar da ba zan iya maimaitawa ba. Wani malamin jinya ya wanke hannuwan Gumar, ya ce a maida shi Agadas da gaggawa. Na bar motar a can, na bi shi a wata babbar mota da kwamba mai komawa. A likitar Agadas suka ce hannun dama zai warke, na hagu yatsu uku ba za su ƙara miƙewa ba.

Ranar da aka sallame shi ni na raka shi gida. Wannan tafiyar ta cikin lunguna ta fi mini Tenere wuya. Uwarsa ce kaɗai gare shi, shi ke ciyar da ita da tuƙi, ni kuma saboda ni hannun ya tafi. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, ba na samu. A ƙofar gida na tsaya, na ce zan juya daga nan. Gumar ya tura ni da kafaɗa.

Tsohuwar na zaune a tabarma a tsakar gida. Ta shafa fuskarsa, ta ɗaga hannuwan da ke naɗe ta kawo su dab da idonta, ta daɗe. Suka yi magana da yarensu, na ji sunan Tasawa a ciki. Ta juyo wajena.

"Kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Matso. Ina ƙafar?"

Na ɗage wandona. Ta taɓa gefen ƙunar da yatsa, ta girgiza kai. Ina jiran abin da zai biyo baya. Ta jawo akushin shinkafa da ke gefenta, ta tura shi gabana, ta ɗora cokali a kai.

"Shi ba ya iya ci da kansa. Ni kuma idona ya tafi, sai in kai masa cokali a hanci. Ga buta can, wanke hannunka."

Na tashi na wanke.